Masu Raina Keke da Garuruwan da Titi Ya Tsallake

A shekarar 2001 ministan sufurin Najeriya na wancan lokaci, marigayi Ojo Maduekwe, ya fito yana kira ga jama'a da su koma hawan keke, kuma ya fara da kansa. Ana nan wata rana yana tafe a kan kekensa a Abuja sai wata bas ta ture shi, ya faɗa lambatu. Jaridu suka sami abin dariya na makonni, aka laƙaba masa suna Ojo Onikeke, wato Ojo mai keke, sunan kuwa ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Darasin da mafi yawan 'yan boko suka ɗauka daga wannan faɗuwa shi ne cewa keke ba abin hawan mai mutunci ba ne, kuma duk babban da ya hau shi ya sayi wulaƙanci da kuɗinsa. Ainihin kuskuren ministan kuwa daban ne: ya tura mutane kan keke a birnin da aka zana domin mota, bai tanadar musu ko taku ɗaya na hanyar da za su bi ba.

Har yau ba a daina wannan dariya ba. A kowace majalisar ma'aikata, idan wani ya kawo labarin cewa ƙasa kaza ta kashe miliyoyi wajen gyara hanyar da masu keke za su riƙa bi ta cikin ƙauyuka suna yawon buɗe ido, ba za a rasa mai cewa ƙoshi ne ya yi wa Turawa yawa ba. A ganinsa ci gaba shi ne gadar sama da tagwayen hanyoyi, duk abin da ya gaza haka wasan yara ne. Da a ce masu wannan ra'ayi 'yan zaman kashe wando ne, da sai a ƙyale su. To amma su ne daraktoci a ma'aikatun ayyuka, su ne masu tsara kasafin kuɗi da masu ba gwamnoni shawara. Saboda haka rainin da suke yi wa keke yana da farashi, kuma ƙauye ne ke biyansa.

Wanda ke son ganin yadda wannan ra'ayi ya rushe a aikace, sai ya dubi yankin Otago ta Tsakiya a tsibirin kudu na ƙasar Niyu Zilan. Busasshiyar ƙasa ce mai duwatsu da tumaki, sanyinta na hunturu mai tsanani, zafinta na bazara ma haka. Zinariya ce ta fara jawo mutane can a shekarun 1860. A 1879 aka fara shimfiɗa layin dogo zuwa cikin yankin, kuma saboda wahalar duwatsu da kwazazzabai bai isa garin Clyde ba sai 1907. Ƙananan garuruwa suka tsiro a gefensa, kowanne da tasharsa da masaukinsa da kantinsa. Da manyan motoci suka ƙwace dakon kaya sai layin ya fara mutuwa a hankali. Abin da ya riƙe shi a ƙarshe shi ne jigilar siminti da ƙarfe zuwa madatsar ruwa da ake ginawa a Clyde. Ana gama wannan jigila aka rufe shi a 1990, aka tuge ƙarafunsa. Garuruwan da ke kansa, irin su Omakau da Lauder da Oturehua da Wedderburn da Waipiata da Hyde, dama tuni suka fara yin kufai. Matasa sun tafi birni, masaukai sun rasa baƙi, makarantu sun rasa yara.

A 1993 hukumar gwamnati mai kula da dazuzzuka da wuraren tarihi ta sayi filin layin daga Clyde zuwa Middlemarch, a shekara ta gaba kuma aka kafa gidauniya don tara kuɗin gyara. Aikin ba mai ƙayatarwa ba ne, ba irin wanda gwamna zai so a ɗauke shi hoto a gabansa ba. An kwashe manyan tsakuwoyin layi masu kaifi, an daddaɓe ƙasar, an shimfiɗa katako a kan gadoji sama da 60 tare da yi musu makari, an bar ramukan da jirgi ke ratsa dutse ta cikinsu yadda suke. Ko kwalta ba a zuba ba. A watan Fabrairu na 2000 aka buɗe hanyar, mai tsawon kilomita 152 daga Clyde zuwa Middlemarch, ga masu keke da masu tafiya a ƙasa da masu doki. Manoma da dama ba su yi maraba da ita ba. Wasu na tsoron baƙi za su bar musu ƙofofin garke a buɗe ko su tayar da gobara, wasu na ganin gara a raba musu filin su ƙara a gonakinsu, wasu kuwa dariya kawai suka yi, irin dariyar da aka yi wa Maduekwe: wane mahaukaci ne zai biya kuɗi ya zo ya yi ta murza feda a wannan daji?

Mahaukatan kuwa suka zo, dubbai a kowace shekara. Tsofaffin masaukai suka farfaɗo, gidajen ma'aikatan jirgi da ɗakunan masu sausayar tumaki suka koma wurin kwanan baƙi, aka sami masu ba da hayar keke da masu ɗaukar wa matafiya jakunkuna a mota daga wannan masauki zuwa na gaba. Cikin waɗanda suka buɗe irin waɗannan sana'o'i har da manoman yankin. A farkon 2009, lokacin da tattalin arzikin duniya ya shiga ruɗani kuma gwamnati ta kira taron neman hanyar samar da ayyukan yi, firaminista John Key ya rungumi shawarar a yi irin wannan hanya a faɗin ƙasar, aka ware dalar Niyu Zilan miliyan 50. Yana da kyau a san ko wane ne Key: tsohon dillalin kuɗaɗen waje ne a manyan bankunan duniya, shugaban jam'iyyar masu ra'ayin 'yan kasuwa, mutumin da ba wanda ya taɓa zarginsa da son tsuntsaye fiye da riba. Lissafi ya duba. Yau ƙasar na da manyan hanyoyin keke na karkara sama da 20.

Lissafin nan ba shi da wuya, kuma shi ne abin da masu rainin keke ba su taɓa zama sun yi ba. Mai mota zai gama tsakanin Clyde da Middlemarch cikin kamar awa biyu. Ya sha mai kafin ya taso, ya ci abinci a gida, idan ya yi kirki ƙwarai ya tsaya sau ɗaya ya sayi ruwa. Garuruwa goma zai wuce, ba wanda zai ga sisinsa. Mai keke kuwa, wanda ba tsere yake yi ba, yakan yi kilomita 30 zuwa 50 a yini, don haka wannan tafiya za ta ci masa kwana uku zuwa biyar. Dole ya kwana a hanya, dole ya ci ya sha sau da yawa a yini domin murza feda na jawo yunwa, kuma kariyar kekensa ba za ta ɗauki guzurin kwana huɗu ba. Duk inda dare ya yi masa, nan kuɗinsa za su kwana. Ba zai iya cewa bari in ƙarasa birni in sami otal mai kyau ba, domin ƙafarsa ta riga ta yanke masa hukunci. Tafiyar hawainiyar da ake yi wa dariya ita ce ke tilasta wa aljihunsa buɗewa a ƙaramin gari.

Akwai kuma hikimar zaɓen tsohon layin dogo. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsini, shi ya sa injiniyoyin da suka gina layin Otago suka tsare hawansa a kan abin da bai wuce mita ɗaya cikin kowace mita 50 ba. Abin da aka yi don tukunyar jirgi sai ya zama rahama ga gwiwar ɗan shekara sittin. Wannan ya sa masu bin hanyar ba 'yan wasan tsere ba ne. Iyalai ne da ma'aikata masu hutu da 'yan fansho, wato masu kuɗin kashewa da lokacin kashe su. Zuwan keke mai batir ya ƙara faɗaɗa wannan da'ira.

Babu al'ummar da ya kamata ta fahimci wannan lissafi da sauri kamar Hausawa, domin da shi kakanninsu suka gina garuruwa. Ayarin fatake da ke tashi daga Kano zuwa Gonja sayen goro yakan yi watanni a hanya, tafiyarsa ta yini kuwa ba ta wuce abin da jaki mai kaya zai iya. Inda jaki ya gaji nan madugu zai sa a sauka, nan ne zango. A zango ake sayar da fura da tuwo da harawa, a zango fatoma ke samun abin sawa a baka, a zango sarkin gari ke karɓar nasa rabo. Kalmar ta yi ƙarfin da har yau a Gana ana kiran unguwar baƙi Musulmi da sunan zongo. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, goro ya koma biyo teku da jirgin ƙasa ta Legas, ciniki ya ƙaru, farashi ya sauƙaƙa, amma zangunan da ke kan hanyar ƙasa suka yi ta dusashewa. Duk direban da ya daɗe a hanya a yau ya san garin da ke cin abinci da tsayawar motoci, ya kuma san yadda masu tsire da masu shayi ke watsewa ranar da aka karkatar da titi ta bayan gari. Hanyar keke ta karkara zango take ginawa, ba wani abu ba. Ɗan bokon da ya kira ta baƙuwar al'ada bai san tarihin gidansu ba.

Kada a juya maganar: ba wanda ke cewa a daina yin titi. Manomin tumatir na buƙatar titin da zai kai kayansa kasuwa kafin su ruɓe, mai naƙuda na buƙatar wanda zai kai ta asibiti. Abin da ake ƙi shi ne a ɗauka cewa duk abin da ya ƙara sauri ya ƙara arziki ga kowa. Titi mai sauri yana haɗa birni da birni. Abin da yake yi wa ƙauyen da ke tsakani kuwa, sau da yawa, shi ne ya ba matasansa hanyar fita.

Hujja mafi nauyi da ake kawowa a kan waɗannan hanyoyi ba ta masu dariya ba ce, ta masu kishin jirgin ƙasa ce. Suna cewa mayar da layin dogo hanyar keke sallama ce, jana'iza ce da aka yi wa ado da furanni. Ƙasar da ke da hankali jirginta za ta dawo da shi. Akwai gaskiya a ciki, kuma duk layin da ke da damar ɗaukar kaya da fasinja, jirgi ne ya fi cancanta da shi. Sai dai masu wannan magana sukan manta abin da ke faruwa da layin da aka bari yana jiran ranar da ba ta zuwa. A Birtaniya, rahoton Richard Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi sama da 2,000 da layi mai tsawon kusan mil 5,000. An rufe mafi yawansu, aka yi ta sayar da filayen gunduwa-gunduwa, aka gina gidaje da kantuna a kai. Amfanin filin layin dogo kuwa yana cikin ɗorewarsa ne ba yankewa. Gida ɗaya a tsakiya ya isa ya lalata kilomita hamsin. Inda aka mayar da shi hanyar keke, kamar tsakanin Bristol da Bath da 'yan sa kai suka gyara daga 1979 zuwa 1986, filin na nan a dunƙule. Amurka ta mayar da wannan dabara doka a 1983: kamfanin jirgi na iya miƙa layin da ya daina amfani da shi a yi hanyar keke, bisa sharaɗin cewa a idon doka layin dogo ne da aka ajiye, ana iya dawo da jirgi kansa. Kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da dokar a 1990. Layukan da jirgi ya koma kansu kaɗan ne, wannan gaskiya ne. Amma wanda aka gina gidaje a kansa sai an yi rusau an biya diyya mai nauyi kafin a ma fara maganar jirgi.

Sifen ta nuna cewa ko aikin da aka yi watsi da shi ana iya tatsar wani abu daga jikinsa. A kudancin ƙasar akwai layin da aka fara a shekarun 1920, aka fasa duwatsu, aka gina gadoji da tashoshi, sannan aka bar shi. Jirgi bai taɓa bi ta ɓangarensa na cikin duwatsu ba ko sau ɗaya. Mai karatu ba ya buƙatar a fassara masa irin wannan labari. Ƙarƙashin shirin da ƙasar ta fara a 1993 na mayar da matattun layuka hanyoyin keke da ƙafa, an gyara kilomita 36 na wannan layi tsakanin Puerto Serrano da Olvera, mai ramukan dutse 30. Tashoshin da ba su taɓa sayar da tikiti ba sun koma gidajen abinci da masaukai. Ɗaya daga cikin abubuwan da baƙi ke tsayawa kallo a hanyar shi ne wani dutse da ungulaye ke sheƙa a kai. Ungulu, wadda ake jifa a mahauta, ita ke sa mutum ya sauka daga keke ya sayi abin sha.

Duk da haka masu ƙaunar keke su ma suna da nasu laifi, kuma ya kamata a faɗa musu shi ba sassauci. Na farko shi ne ɗaukar ƙauye kamar hoton bango da aka rataye don ɗan birni ya kalla. Ƙasar Ailan ta ga fuska biyu na wannan al'amari. A gundumar Mayo, hanyar da ta haɗa Westport da tsibirin Achill, mai kimanin kilomita 42, ta bi ta kan tsohon layin da tuni ya koma hannun manoma. Jami'ai suka bi su gida-gida, mutum sama da ɗari, suna neman izini, kowa ya faɗi inda yake son a sa masa shinge da ƙofa. Aka kammala ta a 2011 ba tare da an ƙwace filin kowa ba, ta kuma zama abin misali. Da gwamnati ta zo yin babbar hanya daga Dublin zuwa Galway, sai aka zana layi a ofis, ya ratsa tsakiyar gonakin mutane. Manoma suka tashi tsaye, a 2015 aka dakatar da ɓangaren yamma na aikin, aka kuma shafe shekaru kafin a cimma ƙa'idar tuntuɓar manoma da biyansu. Manoman ne ke da gaskiya. Wanda za a raba wa gona biyu don wani ya sha iska yana da haƙƙin a tambaye shi, a biya shi, kuma ya ga nasa rabo a cikin cinikin.

Laifi na biyu ya fi haɗari ga ƙasashen da ake auna aiki da yanke ƙyalle. Kafa allo ba shi ne yin hanya ba. A 1995 ƙungiyar Sustrans ta Birtaniya ta sami sama da fam miliyan 40 daga kuɗin cacar ƙasa don kafa hanyoyin keke a faɗin ƙasar. Don a tara mil da yawa sai aka riƙa kafa shuɗin allo mai lamba a gefen titunan da motoci ke gudu a kai, a ce wannan ma hanyar keke ce. A 2018 ƙungiyar da kanta ta binciki hanyoyin, ta ce sama da kashi 40 cikin ɗari na cikin mummunan yanayi. A 2020 ta cire ko ta sauke darajar kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Idan Ingila mai tsantseni ta faɗa wannan rami, ana iya hasashen abin da zai faru a hannun ɗan kwangilar da aka ba aikin alluna dubu.

Inda abin ya yi kyau, ƙananan abubuwa ne aka kula da su. Faransa na da hanya mai kusan kilomita 900 da ke bin kogin Loire har bakin teku, kuma masauki ba ya samun tambarin maraba da masu keke sai yana cikin kilomita biyar daga hanyar, yana da wurin ajiye keke mai tsaro da kayan faci da gyara. A Jamus, ƙungiyar masu keke ta ƙasa na ba da irin wannan tambari bisa sharuɗɗan da suka haɗa da karɓar baƙo ko da dare ɗaya zai yi, da ɗakin kulle keke, da wurin shanya jiƙaƙƙun tufafi. Ba a buƙatar biliyoyi a yi wannan. Ana buƙatar jami'in da ya taɓa hawa keke da kaya ya san abin da matafiyi ke nema da magariba.

Sai a ce to ai duk wannan ƙasashen Turawa ne. Ruwanda ba ƙasar Turawa ba ce. A 2011 ta buɗe hanya mai kilomita 227 a gaɓar tafkin Kivu, daga Rubavu zuwa Rusizi, wadda ke ratsa gonakin kofi da ganyen shayi da ƙauyukan masunta, masu keke na yin ta cikin kamar kwana biyar. Mafi yawanta hanyoyin ƙasa ne da mutanen wurin ke bi tun da can. Abin da aka ƙara shi ne taswira, da masaukai, da 'yan jagora. A watan Satumba na 2025 Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko da aka yi ta a Afirka. A maƙwabta, Burkina Faso na gudanar da gasarta ta zagaye ƙasa da keke tun 1987, kuma a Wagadugu ba abin kunya ba ne a ga magidanci ko uwargida a kan keke.

A ƙasar Hausa ma ba haka abin yake ba tun asali. An yi zamanin da keken Rali ke cikin alamun cewa mutum ya kama ƙasa: malamin makaranta, ma'aikacin En'e, ɗan kasuwar da ya sami gyaɗa, kowa na goge nasa ya yi masa ado. Zuwan babur da kuɗin fetur ne suka sauke shi daga wannan matsayi, har aka wayi gari idan aka ce wane ya koma keke, an gama faɗin cewa ya karye. Abin mamaki, wanda ke jin kunyar a gan shi a kan keke shi ne wanda likita ya gargaɗa a kan hawan jini da ciwon suga, ya je yana biyan kuɗi duk wata a ɗakin motsa jiki mai na'urar sanyaya ɗaki, yana murza keken da aka kafe a ƙasa, wanda ba ya zuwa ko'ina. Wannan mutum shi ne baƙon da ƙauye ke jira. A Otago mafi yawan masu bin hanyar 'yan ƙasar ne, ba baƙin ƙetare ba, kuma haka abin yake a Jamus. Ba sai an jira Bature mai ƙatuwar jaka ba.

Maganar tsaro kuwa ba a kauce mata. A sassa da yawa na Zamfara da Katsina da Kaduna, inda manomi ke shakkar zuwa gonarsa, mai kiran mutane yawon keke ko dai bai san abin da ake ciki ba ko kuma ba ya ƙaunarsu. Amma rashin tsaro bai isa ya zama mafakar masu raini ba, domin raininsu ya girmi ta'addancin. A 2001, lokacin da ake dariyar minista, ana tafiyar dare daga Gusau zuwa Zariya. Kuma ko baƙo ɗaya bai zo ba, akwai masu bin irin wannan hanya tun yanzu: ɗan makarantar da ke murza kilomita bakwai zuwa sakandare, mai itace, mai kai buhun masara kasuwar mako, mai tallan kayan koli. Duk suna raɓe a bakin kwalta, tirela na wuce su da taku ɗaya, kuma ba a taɓa zana titi an tuna da su ba. Hanyar da za ta amfani ɗan yawon buɗe ido wata uku na hunturu, ta amfane su wata goma sha biyu.

Filin yin ta ma akwai shi, kuma yana zubewa a kan idon kowa. Turawan mulkin mallaka sun gina ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Jos don kwasar kuza, aka rufe shi a 1957, ba wanda ya yi tunanin tsare filinsa a dunƙule don wata rana. Layin Zariya zuwa Ƙaura Namoda da aka kammala a 1929 da na Kano zuwa Nguru na 1930 sun ratsa ɗaruruwan kilomita na karkara, da gadojinsu da tashoshinsu. Yanzu da ake shimfiɗa sabon layi mai faɗi daga Kaduna zuwa Kano da kuma daga Kano zuwa Maraɗi, tambayar abin da za a yi da sassan tsohon layi da jirgi ba zai sake bi ba ta riga ta taso, ko da ba wanda ya yi ta a majalisa. Masu amsa ta a halin yanzu su ne ɓarayin ƙarfe da masu kafa shaguna a filin tasha. A watan Maris na 2023 an gyara tsarin mulkin Najeriya, harkar jirgin ƙasa ta fita daga hannun tarayya ita kaɗai, jihohi ma suka sami ikon yin doka a kanta. Gyaran bai mallaka musu filayen hukumar jiragen ƙasa ba, amma ya ba kowane gwamna hujjar zama da hukumar a auna filin, a kafa masa iyaka, a rubuta cewa ba na sayarwa ba ne. Kuɗin wannan awo bai kai na ginshiƙi ɗaya na gadar sama ba.